BIRKIN ISKA: ABIN DA YA KAMATA DIREBA DA MAI MOTA SU SANI

Duk wanda ya taɓa kwana a Ogere, ko a bakin tashar jiragen ruwa ta Apapa, ko a gindin gadar Anaca, ya san ƙarar da ke tashi da asuba bayan an idar da salla. Direbobi kan ta da injin su bar shi yana ruri, mota kuwa ko motsi ba ta yi. Can an jima sai a ji wani huci mai ƙarfi ya fito daga ƙarƙashinta, kamar na kububuwa. Sa'an nan ne yaron mota zai janye waigi, direba ya sa giya, a kama hanya. Fasinjan da ya ƙosa yakan ɗauka shiririta ce kawai. Alhali kuwa abin da direba ke jira shi ne iska ta cika tankuna, domin ita ce za ta tsai da wannan dutsen ƙarfe idan ya ɗauki gudu.

'Yan Arewa mazauna Kurmi ba su da abin da ya fi babbar mota kusa da rayuwarsu. Ita ke sauko da shanu da albasa da tumatir da wake, ita ke komawa da goro da manja da man fetur da kayan kanti. Wanda ba direba ba ne, to ƙaninsa yaron mota ne, ko kuwa dukiyarsa ce a cikin bodi, ko shi da kansa ne zaune a kan buhuna za shi gida ganin iyali. Amma duk da wannan kusanci, kaɗan ne suka san yadda birkin motar ya ke aiki. Idan hatsari ya auku, magana ɗaya a ke ji a bakin kowa, watau birki ya tsinke, daga nan kuma sai a rufe zancen.

Kalmar ta sha fitowa a jaridu. Ran 5 ga Nuwamba, 2000, wata tankar mai ta afka wa jerin motoci a hanyar Badun zuwa Ife, wuta ta ci mutum fiye da 100. Ran 31 ga Mayu, 2015, wata ta ƙwace a Upper Iweka cikin Anaca ta faɗa tashar mota, aka ba da labarin rasuwar mutum 69. Ran 28 ga Yuni, 2018, wata mai ɗauke da lita 33,000 ta fetur ta kama wuta a gadar Otedola, a bakin fita daga Ikko, motoci 54 suka ƙone. A dukkansu rahotannin farko birki suka ambata. To, abin tambaya shi ne, yaya birkin da aka ƙera musamman don ya kama da kansa in ya sami matsala zai wayi gari ya tsinke?

ASALIN ABIN

A kan jirgin ƙasa aka fara shi. A zamanin da, idan direban jirgi yana so ya tsaya, sai ya busa usur, ma'aikata su bi saman taragu da gudu suna murɗa birkin kowane tarago da hannu. Da yawa sun faɗo sun halaka, jiragen kuma ba su tsayawa a kan lokaci. A 1869 wani saurayi Ba'amurke mai suna George Westinghouse, yana ɗan shekara 22, ya yi rajistar dabarar tura iska cikin bututu ta danna birkin dukkan taragu a lokaci guda.

Sai dai wannan na farko yana da babban aibi. Idan bututun ya fashe, iska ta zube, jirgi ya rasa birki ke nan ɗungum. Saboda haka a 1872 ya juya dabarar. Ya sa wa kowane tarago tankinsa, ya shirya abin yadda matsin iskar da ke cikin bututu shi ke hana birki kamawa. Da zarar bututu ya tsinke, sai birki ya kama da kansa. Daga baya kamfanoni irin su Knorr, wanda aka kafa a Balin ta ƙasar Jamus a 1905, da Bendix-Westinghouse na Amurka, wanda aka kafa a 1930, suka yaɗa birkin iska a kan manyan motoci. Wannan tunani na 1872 shi ne har yau ke ƙarƙashin kowace tirela.

Dalilin da ya sa ba a yi wa tirela birkin mai irin na ƙaramar mota ba kuwa a fili ya ke. Ƙafar ɗan Adam ba ta da ƙarfin tsai da tan 40. Man birki in ya yoye ya tafi ke nan, iska kuwa kyauta ce, injin yana ta ɗura wata. Bugu da ƙari, ana iya cire kan mota daga tirela a haɗa shi da wata cikin 'yan mintoci, abin da zai yi wuya da bututun mai.

INDA ISKAR KE FITOWA

Mafarin kome shi ne kwampireso. Wani ɗan ƙaramin injin ne mai fistin ɗaya ko biyu, manne a jikin babban injin, wanda ke juya shi ta haƙoran giya ko ta bel. Aikinsa ya zuƙo iskar waje ya matse ta ya tura cikin tankuna. Abin lura a nan shi ne gudunsa yana bin gudun injin. Injin na ruri, iska na shiga da sauri. Injin na silo, iska na shiga kaɗan kaɗan. Injin ya mutu, iska ta daina shiga sam.

Kwampireso yana da mai tsawata masa, wanda makanikai ke kira gwamna. Idan matsin iska ya kai iyaka, gwamna ya sa shi ya huta, idan ya ragu ya sa shi ya koma aiki. A motocin Amurka, irin su Mack, geji yana ƙidaya da PSI, kuma gwamna yakan tsai da ɗuri a wajen 125 ya sake farawa a wajen 100. Motocin Turai, irin su DAF da MAN da Marsandi, da bar su ke ƙidaya. Bar ɗaya daidai ya ke da PSI 14 da rabi, watau bar 8 ya kama PSI 116 ke nan, ko da ya ke sababbin motocin Turai sukan ɗura fiye da haka. In gwamna ya lalace ya ƙi tsai da ɗuri, akwai wani bawul na tsaro a jikin tanki da ke buɗewa ya zubar da rarar, galibi a PSI 150 a motocin Amurka, don kada tanki ya fashe.

Daga kwampireso iska kan fito da zafi, ɗauke da tururin ruwa da ɗan baƙin mai. A nan ne direban da ke aiki a Kudu ya kamata ya buɗe kunne. Iskar Ikko da Fatakwal da Warri jiƙaƙƙiya ce kusan duk shekara. A ranar da zafi ya kai digiri 30, iska mai cika ɗaki na mita ɗaya tsawo da faɗi da bisa tana iya riƙe ruwa har giram 30. Idan aka matse ta ta huce, yawancin ruwan nan sai ya kwanta a gindin tanki. Motar da ta saba da busasshiyar iskar hunturu ta Sakkwato ko Nguru, in ta yi mako a layin Apapa da damina, ruwan da za ta tara ya ninka wanda ta saba. A Arewa kuma ƙura ce abokiyar gaba, don ita ke toshe matatar iska ta cinye zoben fistin na kwampireso, har ya riƙa tura baƙin mai cikin bututu.

Don maganin wannan ne aka sa diraya tsakanin kwampireso da tankuna. Wani gwangwani ne cike da ƙananan ƙwayoyi masu shanye laima. Duk lokacin da gwamna ya tsai da ɗuri, diraya takan fesar da ruwan da ta tara, wannan ne hucin da a ke ji da asuba. Ƙwayoyin nan suna gajiya, musamman in baƙin mai ya shafe su, saboda haka gwangwanin abin sakewa ne bisa lokacin da masu ƙera motar suka ƙayyade. Ko da diraya kuwa, a gindin kowane tanki akwai ɗan famfo ko zobe da a ke ja a tsiyaye ruwa. Ruwa a tanki ɓarna uku ya ke yi: yana cinye wurin da iska za ta zauna, yana kawo tsatsa, kuma in ya gauraya da baƙin mai yakan zama wani kunu mai danƙo da ke liƙe bawuloli.

Tankunan ba ɗaya ba ne, kuma da gangan aka raba su. Akwai na ƙafafun baya, akwai na ƙafafun gaba, kowanne da hanyarsa. Shi ya sa geji ke da allura biyu, ko kuwa a ga geji biyu a gaban direba. Idan hanya ɗaya ta fashe, ɗayar tana nan da iskarta, mota za ta iya tsayawa ko da ya ke ba da cikakken ƙarfi ba. Motocin Turai suna da wani bawul mai baki huɗu da ke raba iska, ya kuma rufe duk hanyar da ta fashe don kada ta kwashe ta sauran. Idan iska ta yi ƙasa ƙwarai, wajen PSI 60 ko bar 4 zuwa 5, jar fitila kan kama, ƙararrawa ta yi kuka. Akwai motoci da yawa a hanya da aka cire wa wayar wannan ƙararrawa don wai tana damun direba. Wanda ya yi haka ya kori mai gadi ne don tarinsa na hana shi barci.

DAGA ƘAFAR DIREBA ZUWA TAYA

Abin da direba ke takawa bawul ne kawai, kamar famfon ruwa. Ya taka kaɗan, iska kaɗan ta wuce. Ya taka da ƙarfi, mai yawa ta wuce. Ya ɗaga ƙafa, iskar da ta shiga ta fice waje, ba ta komawa tanki. Wannan na ƙarshe shi ne abin da sababbin direbobi ke mantawa. Kowane taku ɗaya iska ce aka kashe. Mai yawan taka birki yana saki, yana takawa yana saki, irin yadda a ke yi wa ƙaramar mota, zubar da iskarsa ya ke yi fiye da yadda kwampireso zai iya mayarwa.

Tun da ƙafafun baya suna da nisa da direba, aka sa wani bawul kusa da su, mai suna rile, da tankinsa a gefe. Bawul ɗin ƙafa saƙo kawai ya ke aika masa, shi kuma ya buɗe tankin da ke kusa ya ba ƙafafun iska nan take. Duk da haka akwai ɗan jinkiri na wajen rabin daƙiƙa tsakanin taku da kamawa. Rabin daƙiƙa kamar ba kome ba ne, amma motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 11 a cikinsa, tun birki bai taɓa kome ba. Wannan ɗaya ne daga dalilan da suka sa dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa tanka da tirela kilomita 60 a babbar hanya mai tagwayen layi, 50 a sauran hanyoyi, 45 a cikin gari. Ya kamata masu acaba da direbobin ƙananan bas da ke yanko gaban tirela su tsaya ɗaukar fasinja su san da wannan lissafi.

A bayan kowace ƙafa akwai tukunyar birki, wadda wasu ke kira busta. Cikinta akwai faifan roba. Iska ta shigo ta tura faifan, faifan ya tura wata sanda ta ƙarfe waje. A nan ne ƙarfin abin ya ke. Tukunyar da aka fi sa wa ƙafafun baya, mai lamba 30, faɗin faifanta inci murabba'i 30 ne. In aka ba ta iska PSI 100, sandar za ta tura da nauyin fam 3,000, watau kilo 1,360, kwatankwacin buhun siminti 27. Wannan a ƙafa ɗaya ke nan.

Sandar tana tura wani hannu da a ke kira ajasta, ajasta ya murɗa wani dogon ƙarfe mai kai kamar harafin S. Idan kan nan ya juya, sai ya buɗa takalman birki guda biyu, lainin da ke jikinsu ya gogi cikin ganga, watau dirom, wadda ke juyawa tare da taya. Gugar nan ita ke tsai da mota. Wasu sababbin motoci faifai su ke da shi maimakon ganga, amma iskar da tukunyar duk ɗaya ne.

To, lainin yana cinyewa kullum. Yana cinyewa, tazarar da ke tsakaninsa da ganga tana ƙaruwa, sandar tukunya kuma dole ta ƙara miƙewa kafin ya taɓa. Sandar kuwa tana da iyaka. A tukunya mai lamba 30 ta gargajiya, in tafiyar sanda ta wuce inci 2, birkin ya fita daga ƙa'ida, kaɗan ya rage faifan ya kai ƙarshen tukunya. Ranar da ya kai, ko da geji na nuna iska cike, direba zai taka har ƙasa, mota ba za ta ji ba. Aikin ajasta shi ne rage wannan tazara. Akwai wanda a ke ɗaurewa da sifana, akwai mai gyara kansa, wanda Amurka ta wajabta a kan sababbin motoci tun 1994. Mai gyara kansa in aka ga ya saki, alama ce ya lalace ko wani abu a ƙafar ya ci, ɗaure shi da sifana ɓoye cuta ne kawai.

SIFIRIN MAI JIRAN RANARSA

Mai lura zai ga tukwanen ƙafafun baya sun fi na gaba tsawo, kamar an haɗa biyu. Haka ne kuwa. A ɗakin baya akwai wani ƙaton sifirin wanda kullum ya ke neman ya tura sanda ya kama birki. Iska ce ke danne shi. Idan direba ya ja hambirki, ko ya fizgo maɓallin nan rawaya na motocin Amurka, iskar ɗakin ce ya zubar, sifirin ya miƙe ya riƙe mota. Shi ya sa motar da ta kwana ba ta motsawa sai iska ta taru. Haka nan idan ana cikin tafiya iska ta zube ta sauko tsakanin PSI 45 da 20, sifirin zai kama da kansa, ko direba ya so ko bai so ba. Dabarar Westinghouse ke nan a cikin sabuwar riga.

Amma akwai hanyar kashe shi. Kowace tukunya tana zuwa da wani dogon kusa mai zare da a ke ɗaure sifirin da shi, don a sami damar jan motar da ta lalace zuwa gareji. Abin baƙin ciki, akan sami motar da iskarta ke zuba, maimakon a nemi inda ta ke zuba, sai a ɗaure sifirin a ci gaba da tafiya da lodi. Haka kuma in tukunya ɗaya ta fashe a daji, akan lanƙwasa tiyonta a ɗaure da waya, da niyyar in an isa gari a gyara. An isa gari, lodi na jira, sai a ce sai an dawo. Motar da aka yi wa haka ta rasa mai cetonta na ƙarshe.

Gargaɗi ga yaran mota da masu koyon aiki a gareji: ɗakin sifirin ba abin buɗewa ba ne. Ƙarfin da ke matse a ciki ya isa ya fasa kan mutum. In ya lalace, tukunyar a ke sakewa gaba ɗaya.

TSAKANIN KAI DA TIRELA

Tiyo biyu ne ke haɗa kan mota da tirela. Ja shi ne mai kai iskar da ke cika tankin tirela. Ɗayan, wanda ya ke shuɗi a motocin Amurka, rawaya a na Turai, shi ke kai saƙon birki daga ƙafar direba. A bakin kowanne akwai mahaɗi da zoben roba, wanda in ya tsage iska ke zuba ta nan. Idan tirela ta ɓalle daga kai, jan tiyo ya tsinke, birkinta zai kama da kansa, wani bawul kuma a jikin kai ya rufe don kada iskar kai ta bi ta zube.

Wurin haɗa su ne a ke yin kuskure, musamman da dare, ko in an haɗa kan Turai da tirelar Amurka, ko in fenti ya goge. In aka sarƙe su, tankin tirela ba zai cika ba. Tirela mai sifirin za ta ƙi motsi, direba ya gane nan da nan. Tsohuwar tirela marar sifirin kuwa za ta bi shi lami lafiya ba tare da birki ko kaɗan ba, ba zai sani ba sai ya zo tsayawa. Irin wannan tsohuwar tirela, in an ajiye ta, iskar tankinta ce kaɗai ke riƙe ta, in ta tsiyaye sai ta gangara. Saboda haka waigi bai tsufa ba.

Yawancin motocin zamani suna da na'urar ABS, mai hana taya ƙullewa ta ja a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Tana taimakon direba ya riƙe sitiyari, tana rage haɗarin tirela ta naɗo ta bugi kai. Amma ba ta ƙara wa birki ƙarfi, ba ta kuma maye lainin da ya cinye.

GANGARA

Yawancin abin da a ke kira tsinkewar birki a gangara ya ke faruwa, kamar Hawan Kibo ga masu saukowa daga Jos, ko Ugwu Onyeama a bakin Inugu, ko tuddan Okene. Birki ba ya yin kome illa mai da gudu ya zama zafi. In aka ninka lodi, zafin ya ninka. In aka ninka gudu, zafin ya ninka sau huɗu. Idan direba ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga kan tudu, ganga takan yi zafi ta buɗe, watau ta ƙara nisa da lainin, shi kuma lainin ya yi santsi ya daina kamu. Sandar da ke gab da iyakarta tun a tasha, yanzu sai ta kai ƙarshe. A wannan hali ko sifirin ya kama ba zai yi amfani ba, domin shi ma ta wannan sanda da wannan lainin ya ke aiki. In kuwa an kashe birkin ƙafa biyu ko uku da waya, sauran ne za su ɗauki zafin duka, su ƙone da wuri.

Daɗin daɗawa akwai al'adar sa mota a firi a gangara don a rage shan gas. Mai yin haka ya yi asara biyu a lokaci guda. Ya cire injin daga aikin riƙe mota, ya kuma mai da kwampireso silo daidai lokacin da ya fi bukatar iska. Mota in ta ɗauki gudu a firi, giya ba ta kan yarda ta shiga kuma. Gas ɗin da aka tsimi bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Abin da ƙwararru ke koyarwa shi ne a sa giya mai nauyi tun kafin a fara sauka, a kunna birkin injin in motar na da shi, a bar injin ya riƙe ta. In gudu ya ɗan haura, a taka birki sosai na 'yan daƙiƙu har ya sauko, a saki ganga ta sha iska. Tsofaffin direbobi kan ce giyar da ta hau da kai tudu, da ita ko wadda ta fi ta nauyi za ka sauka.

Sai maganar lodi. Lita 33,000 ta fetur ta kai nauyin tan 24, ban da nauyin motar. Buhun siminti 600 tan 30 ne, 900 kuwa tan 45. Bayan gobarar gadar Otedola, Gwamnatin Jihar Legas ta bayyana cewa motar an ƙera ta ne don ɗaukar tan 15, aka mai da ita tanka mai ɗaukar tan 30. Ana iya ƙara wa mota bodi da sifirin ɗin ɗaukar kaya a gareji, amma gangar birkinta tana nan yadda masu ita suka auna ta.

MINTI GOMA KAFIN A TASHI

Akwai gwaji da kowane direba zai iya yi ba tare da ya biya kowa ba. Alƙaluman da ke biye na littafin koyar da direbobin manyan motoci ne na Amurka, mai motar Turai sai ya duba na motarsa.

Da fari a sa waigi, a tsiyaye tankuna, a duba abin da ya fito. Ruwa mai yawa na nufin diraya ta gaji, baƙin mai na nufin kwampireso ya ci. Na biyu, a ta da injin a lura da allura. In injin na gudun aiki, ya kamata ta tashi daga 85 zuwa 100 cikin daƙiƙa 45. Na uku, in iska ta cika a kashe injin, a saki hambirki, a taka birki a riƙe minti ɗaya. Bayan faɗuwar farko, kada allura ta sauka fiye da PSI 3 a mota guda, ko 4 a kai da tirela. Na huɗu, a kunna makulli a yi ta taka birki ana saki, a ga ko ƙararrawa za ta yi kuka, a ci gaba har sifirin ya kama. Na biyar, yaron mota ya sa safar hannu ya ja kowane ajasta da ƙarfi. In ya motsa fiye da inci ɗaya, ƙafar na bukatar gyara. Daga ƙarshe, in an tashi, a taka birki tun mota na tafiyar ƙafa, a ji ko tana ja gefe guda.

Sai dai gwaji ba shi da amfani in direba ya faɗa aka ƙi ji. Direbobi da yawa sun san motarsu ba ta da lafiya, amma suna tsoron in sun yi magana a karɓe makulli a ba wani. Mai mota kuma yakan aika Ladipo ko Nkpor a sayo masa lainin mafi araha, ya manta araha ba ta ado. Nauyin yana kan kowa: mai mota, da makaniki, da dillalin da ke ƙara lodi, da fatake masu matsa wa direba don tumatir kada ya ruɓe. Ƙungiyar masu motoci ta NARTO, da reshen direbobin tanka na NUPENG, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa wadda aka kafa a 1988, duk suna da bakin faɗa a ji a wannan batu, haka ma sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Shagamu, waɗanda direbobi ke sauka a unguwanninsu.

Baƙo a garin mutane yana da dalili na musamman na kula da wannan. Idan babbar mota ta yi ɓarna a kasuwa, jama'a cikin fushi ba su tsayawa tambayar ko wane ne ya ɗaure sifirin, ko wane ne ya ƙara lodi. Direba da yaronsa su ke gani, wani lokaci har fushin ya shafi mai shayi da mai facin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Rigakafi dai ya fi magani, kuma a nan kuɗinsa minti goma ne da zoben roba da gwangwanin diraya.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.